Gashin Idalia

San Lucas del Vado, 16 ga Maris

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata, Herminia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Don Rogelio da yara. Yaya ƙafar? Kina shafa maganin kuwa, ko kin sake ɗora shi kan kabad kina jira ya yi aiki daga can? Mu nan muna yadda Ubangiji ya bar mu. Jikata Chabelita ta cika wata biyu, tana shan madarar da kika aiko, ba ta ƙi ba. Har yanzu in ta yi kuka nakan buɗe baki in kira uwarta ta zo ta ɗauke ta, sai in tuna.

Kin ce in riƙa rubuto miki kome, in daina haɗiyewa. To ga shi.

Kin tuna shekarar da motar rake ta kife da mijina Eusebio, likita ya ce mu kira Fada ya yi masa addu'ar ƙarshe. 'Yata Idalia tana da shekara goma sha biyar a lokacin. Ta je ta durƙusa gaban mutum-mutumin Uwarmu Mai Baƙin Ciki, uwar Yesu, a coci, ta yi alkawarin in babanta ya tashi za ta ba ta gashinta. Ya tashi, har ya ƙara shekara huɗu a duniya. Ni na yanke mata da almakashin ɗinkina, jela guda mai kaurin damtsena, tsawonta ya kai bayan gwiwa. Wata biyu yara suna ce mata soja a makaranta, ba ta taɓa kawo mini ƙara ba. Muka naɗe shi a farin ƙyalle muka kai wa ƙungiyar matan da ke yi wa Uwarmu sutura. Shugabarsu, Doña Elvira Sandoval, ta karɓa da hannu biyu, ta sumbaci goshin yarinyar, ta ce a ajiye sai lokacin sauya hular gashin da ke kan mutum-mutumin, tunda ba kowace shekara ake sauyawa ba.

Bana ne lokacin, don asu ya cinye tsohuwar. Tun da muka binne Idalia a Janairu abin da nake riƙe da shi ke nan a raina: ranar Juma'a Mai Tsarki ta kafin Ista Uwarmu za ta fito zagayen gari da gashin 'yata a kanta, alkawarinta ya cika, a ambaci sunanta a coci kamar yadda ake ambaton duk wadda ta bayar.

Ran Alhamis na je taron ƙungiyar. Shekara goma sha tara ni ke goge musu mayafan Uwarmu, amma ina shiga aka yi tsit kamar mai kuturta ta shigo. Na tambayi ranar da za a kai gashin birni wurin mai haɗa hular. Doña Elvira ta kama hannuna, hannunta sai ƙamshin man shafawa, ta ce, “Casilda, 'yar'uwa, kan Budurwa sai gashin budurwa. Ke ma kin san yadda Idalia ta tafi.”

Na sani mana. Ni na riƙe ta. Ta tafi wajen haihuwar 'yar da ubanta, Wilmer, ya tsallaka iyaka ya gudu arewa tun ranar da ya ji akwai ciki. Na ce mata gashin nan shekara shida yana kwance a akwati, an yanke shi tun Idalia ba ta san sunan Wilmer ba, wane zunubi ya yi a cikin akwatin? Ta ce ba ita ba ce, mutane ne za su yi magana. Wai 'yar ƙanenta, Maribel, ta riga ta yi niyyar bayar da nata.

Yaya, matan nan su suka cika mini ɗaki kwana tara ana yi wa Idalia addu'ar rosari. Sun sha kofi, sun ci tamale, alalar masarar nan, Doña Elvira har ta ƙunsa guda huɗu a jakarta wai na maigida. Suna ta kiran 'yata mala'ika da maiƙo a bakinsu. Tomasa ma tana wurin taron ƙungiyar ran Alhamis ɗin, wadda ta riƙe Idalia ranar baftisma, aminiyata tun muna yara. Ba ta ɗago kai daga allurarta ba. Kuma kin san wa zai riƙe gaban gadon da ake ɗaukar mutum-mutumin Yesu a kai bana da rigar shunayya? Baban Wilmer. Bara shi kansa Wilmer ya ɗauka, ciki yana wata ɗaya. Ba wanda ya tambayi kafaɗarsa ko budurwa ce.

Na ce su ba ni kayana in tafi. Doña Elvira ta ce makullin akwatin yana gida, in dawo wani mako. Na bar musu mayafan ban goge ba.

Ki gai da kowa. Ki sa mu a addu'a, don tawa kwanan nan ba ta wuce leɓe.

Ƙanwarki,
Casilda


San Lucas del Vado, 12 ga Afrilu

Yayata Herminia,

Ina gaishe ki da gaisuwar kewa, ina fata kuna lafiya. Na sami takardarki da rigunan jinjira, Allah ya saka. Chabelita ta fara murmushi, zafi ne kawai ya fesa mata ƙuraje a wuya.

Kin ce in je wurin Fada Anselmo. Na je. Ya saurare ni yana duban agogo. Ya ce mutum-mutumi itace ne, Allah zuciya yake duba, kuma zancen sutura na mata ne, shi bai iya shiga ba. Ya sa mini albarka ya raka ni ƙofa. Ban manta cewa dangin Sandoval ne suka yi wa coci sabon rufi ba, shi ma bai manta ba.

Sau uku ina komawa neman gashin. Na farko makulli ya ɓata. Na biyu Doña Elvira tana ciwon kai. Na uku aka aiko mai aikinta ta ce mini ta taga uwar ɗakinta ba ta nan, alhali ina jin muryarta tana faɗan gishirin wake.

Jiya ce Juma'ar Baƙin Ciki, mako guda kafin Juma'a Mai Tsarki, ranar da ake buɗe Uwarmu da sabuwar sutura. Ban so zuwa ba, amma tun ina yarinya ban taɓa fashin wannan Misa ba, kuma ba da Uwarmu nake rigima ba. Na zauna benci na uku da jinjira a kafaɗa. Aka ja labule. Fada ya ce a gode wa Maribel Sandoval da ta sadaukar da kwalliyarta. Ga ta a gaba da sabon aski zuwa kunne, mata suna shafa mata kumatu.

Na ɗaga ido na dubi kan Uwarmu. Yaya, gashin Idalia ne.

Kada ki ce baƙin ciki ne ya taɓa mini kai. Shekara goma sha biyar ina taje gashin nan kowace safiya tsakanin gwiwoyina. An goge shi da ƙarfe ya miƙe sambal, an raba shi tsakiya, amma nauyinsa da baƙinsa ba su ɓoyu ba. Maribel kuwa tun tana 'yar sha uku take rina nata ruwan zuma, ya tsinke ya zama kamar gemun masara. Duk wadda ke da ido a cocin nan ta san gashin Maribel bai taɓa wuce kafaɗa ba. Amma suna ta cewa kai, yarinyar nan ashe haka Allah ya ba ta.

Ƙamshin turare ya taso mini, na fita da sauri, na yi amai a gindin itacen da ke bayan coci, kusa da mai sayar da kunun masara. Matar ta ba ni ruwa ta ce ko azumi ne. Na ce e.

Ashe gashin ba shi da dauɗa. Sunan 'yata ne kawai suke ƙyama. Sun tuɓe mata suna kamar yadda ake cire ɓawon ayaba, suka ci abin da ke ciki. Ban san abin da zan yi ba. In na yi magana za su ce mahaukaciya, in na yi shiru na taya su.

Ki rubuto mini ko layi biyu ne.

Taki,
Casilda


San Lucas del Vado, 22 ga Afrilu

Yayata ta kaina,

Barka da Ista. Ina fata kun yi biki lafiya, ƙafa kuma ta bar ki kin je Misa. Ki gaishe mini da Don Rogelio, ki ce na gode da saƙonsa, amma ba sai ya zo ya fasa wa kowa ƙofa ba. Ga yadda aka ƙare.

Ran Litinin aka yi ruwan farko, coci ya yi gumi. Kin san gashin gidanmu da damshi. Gugar da aka yi masa ta warware, ya kumbura, ya murɗe. Matan suka sa masa buroshi, ya ƙara tashi. Suka fesa masa maganin kanti, ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Ran Laraba da safe sai ga Tomasa a ƙofata da burodi a leda, ita da ba ta tako gidana ba tun kwana taran addu'ar Idalia. Ta zauna bakin kujera ta faɗa mini kome da kanta. Mai haɗa hular ya dawo musu da gashin Maribel ya ce ko gashin baki ba zai haɗa da shi ba, lokaci ya ƙure, sai Doña Elvira ta aika masa na cikin akwati ta ce kowa ta rufe bakinta. Yanzu saura kwana biyu, ba wadda ta iya gashin. Wai in taimaka saboda Uwarmu, in zo da tsakar rana lokacin da coci ke rufe, in bi ta ƙofar baya.

Na dube ta, matar da ta riƙe kan Idalia a kan ruwan baftisma. Ta fara kuka. Ban ji tausayinta ba, Yaya, Allah ya yafe mini, sai na ga hancinta kawai yana yoyo. Na ce ta ɗauki burodinta. Na ce ta gaya wa Doña Elvira zan zo, amma ni ba ɓarauniya ba ce, ban san ƙofar baya ba.

Ran Alhamis da safe, ana gama addu'a, coci cike da masu jera furanni da masu rina garin katako na ƙawata titin da za a bi da Uwarmu, na shiga ta babbar ƙofa. Na goya Chabelita, ina riƙe da mataji na katako da kwalbar man gashi na sapuyul. An riga an sauko da Uwarmu ƙasa an kewaye ta da labule. Na yaye labulen gefe guda, na jawo benci na hau. Doña Elvira ta matso tana raɗa wai mu shiga ciki. Na yi kamar ban ji ba.

Na wanke ƙazantar da suka fesa da ruwan ɗumi. Na shafa mai a tafin hannu, na fara daga ƙasa, da yatsu tukuna, kaɗan kaɗan. Hannuna bai manta ba. Sai da na kai rabi na lura ina cewa yi haƙuri, saura kaɗan, kamar akwai mai cewa wayyo.

Mutane suka taru. Doña Chon, tsohuwar nan kurma mai sayar da kyandir, wadda ba ta iya magana a hankali ba, ta tsaya ƙarƙashina ta ɗaga murya: “Casilda, yaushe kika zama mai kitson Maribel?”

Na ce, da ƙarfi don ta ji, “Ban taɓa taɓa kan Maribel ba, Doña Chon. Wannan na Idalia ne, 'yata, uwar yarinyar nan da ke bayana. Ta yi alkawarinsa saboda babanta.”

Ta ce, “Na wa?”

Na sake faɗa. Sau uku ta sa na faɗa, har masu garin katako da ke waje suka leƙo. Sai ta gyaɗa kai ta ce ai ita dama ta ce, 'yan Sandoval duk sanƙo ne da su har matan. Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Doña Elvira ta tsaya riƙe da buroshinta, ba ta ce ƙarya nake ba. Ina za ta ce? In ta kore ni, gobe da me za ta fito da Uwarmu?

Kada ki ɗauka an gyara kome. Fada kuwa, ran Juma'a ya ce a gode wa dukan 'ya'yan ikilisiya masu bayarwa, ya wuce. Doña Elvira na nan kan kujerarta. Baban Wilmer ya ɗauki gaban gado yana sunkuyar da kai kamar waliyyi. Matan da suka ce kai Maribel, su ne yanzu suke tare ni a kasuwa suna cewa su dama sun gane. Waɗannan sun fi ba ni tashin zuciya. Na mayar musu da dutsen gugarsu, ba zan koma ƙungiya ba.

Amma na yi wa Uwarmu jela guda, na sake ta ta sauko ƙasan mayafi yadda ba wanda zai iya ɓoye ta. Ran Juma'a da la'asar da aka fito da ita, ban shiga layin mata masu farin lulluɓi a gaba ba. Na bi baya, cikin masu sayar da ruwa da karnuka. Masu ɗauka suna tafiya suna rangaji, jelar tana kaɗawa dama da hagu. Daga baya, Yaya, in ba ki ɗaga ido kin ga rawanin azurfa ba, yarinya ce kawai take tafiya a gabanki. Na bi ta tun daga ƙofar coci har gada, har kasuwa, har muka dawo. Awa huɗu. Ƙafata ta kumbura kamar taki, ban ji ba sai da aka shigar da ita aka rufe ƙofa.

Ki zo a Mayu in kin samu hali, ki ga Chabelita kafin ta yi wayo ta fara ƙyuya. Ubangiji ya tsare mini ke.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Casilda