Kasetin da Na Kunna a Gaban Mutane

Harra ta Gabas, Madina
Bayan tashin alhazai

Zuwa ga ɗana Habibu, a Jos,

Bayan gaisuwa irin ta addinina, wadda ban sani ba ko har yanzu kana amsa ta, ina fatan wannan takarda ta same ka da ranka da lafiyarka. Ni dai ina nan ban mutu ba, ko da yake akwai masu jira. Malam Nuhu na filin jirgi ne yake rubutawa, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini ko kalma ɗaya. In ta iso, ka tara abokan kiɗan naka ka karanta musu da ƙarfi. Nan ma sai an karanta wa mutanen unguwa kafin a liƙe ta. A gaban jama'a abin ya faru, a gaban jama'a zan ba da amsa.

Ana so in tsine maka. Maganar ke nan. An ce ranar Juma'a in tsaya a ƙofar masallaci in kira sunanka in cire ka daga jinina, in kuwa na ƙi, ni ma a bi da ni hanyar da aka bi da kai. Bari in faɗa maka yadda aka yi, don kada wani maƙaryaci ya riga ni.

Ka tuna jitar nan da uwarka, Allah Ya jiƙanta, ta sayo maka a kasuwar gwanjo ta ɓoye a bayan buhun shinkafa? Ka tuna kasetocin da 'yan Filifin ɗin filin jirgi suke ba ka, kana wanke musu motoci suna cika maka kai da ihu? Na dawo daga mayanka na same ka kana kaɗa kai kamar mai iskoki. Na ɗora jitar a kan kututturen da nake sara ƙashi, na sa mata gatarin fawa. Sara na fari igiyoyin suka tsinke, ɗaya ta yanke ni a goshi, tabon na nan. Ka riƙe mini hannu, ni ubanka, shi ya sa na haɗa kanka da bango. Kada ka zaci haƙuri na zo ba ka. Da za a dawo da ranar da na sake sarawa. Na ce ka fita, ban ce ka je ka kwana a tashar mota inda 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suke kamen marasa takarda ba. Su suka zuba ka a jirgi zuwa ƙasar da ba ka taɓa gani ba. Uwarka ta yi ta kallon ƙofa har aka fitar da ita ta cikinta.

Shekaru ba labarinka. Sai bana wani alhaji daga wajenku ya yi ta tambayar gidan Mamman mahauci, ya miƙo mini kaset, ya ce daga ɗanka.

Ka san al'adarmu a nan. In kaset ya zo daga gida ba a jin sa a ɓoye. Ana shimfiɗa tabarmi, a kira maƙwabta, kowa ya kasa kunne ya ji ko an ambaci sunansa a gaisuwa. Na sha zuwa na wasu, ina zaune ina taya su murna, ana kallona ta gefen ido ana tausaya mini. To ni ma ranata ta zo. Na yanka rago da hannuna. Na ari babbar rakodar Alhaji Ishaƙa, aminina tun muna ɗaukar kayan alhazai a ka, wanda yanzu ya samu takardar ɗan ƙasa yake tafiya kamar shi ya shimfiɗa Harra. Bayan la'asar tsakar gida ta cika, mata suna bayan labule.

Ƙanwarka Zulai ta ce akwai rubutu a jikin kasetin, in ba ta ta duba. Na daka mata tsawa. Tun da nake ban taɓa jin an karanta kaset ba, saurarensa ake yi. Na zura shi yadda ya zo hannuna, na murɗa muryar har ƙarshe, don ina so har na bayan layi su ji cewa ɗan Mamman yana raye.

Habibu, na yi shekaru a mayanka. Na ji kukan raƙumi da wuƙa a wuyansa, na ji bijimin da aka yanka da dakusasshiyar wuƙa ya tashi yana feshin jini yana tumurmusa mutane. Ban taɓa jin abin da ya fito daga rakodar nan ba. Kamar ana tsaga ƙofar ƙarfe da inji, ana jifan kwanon rufi da duwatsu. Kofunan shayi suka zube. Wata mata da ta ɗauko guɗa ta haɗiye abarta. Sai ga muryarka a tsakiyar wannan masifa, kana ruri kamar ana fiɗe ka da rai, amma Hausarka ta Madina ba ta ɓuya ba. Kowa ya ji kana kiran Yesu Almasihu, kana ce masa Mai Ceto. A garin Manzon Allah, a tsakar gidana, da naman ragona a bakin mutane.

Ishaƙa ne ya fara miƙewa. Ya tofar da naman, ya ce in tsine maka yanzu-yanzu kafin a tashi. Ina cikin laluben maɓallin kashewa sai ya ƙara da cewa, “Dama a nono ya sha. Uwarsa ce ta saya masa wutar da kuɗinta.”

Ban san lokacin da na ɗaga rakodar ba. Tana cikin kiɗan na sauke masa ita a baki. Na ji ƙarar haƙoransa, na ga jini a farar rigarsa, na sake ɗagawa. 'Ya'yansa suka rufe ni. Suka kayar da ni a kan tiren nama, suka yi ta tattaka ni da takalma har na ji haƙarƙarina ya ba da sauti. Ni ma ban kwanta haka kawai ba, na kama kunnen babban da haƙori, sai da aka sa hannu aka ɓamɓare ni. Tsoho ne ni, amma hannun da ya saba kayar da sa bai manta aikinsa ba. Har yau in na yi tari sai na dafa bango. Shi kuma Ishaƙa da gefen baki yake shan kunu, kuma wallahi ban yi nadama ba. Ya zage ni, ya zage ka, duk zan iya haɗiyewa. Matar da take kwance a maƙabartar Baƙi'a ba sa'arsa ba ce.

Dattawa suka shiga tsakani. Sulhun da suka ƙulla shi ne wanda na faɗa maka: in tsine, Ishaƙa ya bar maganar. In na ƙi, ya kai ƙara. Shi ɗan ƙasa ne, ni kuwa iƙama ce da ni, takardar zama da ake iya yagewa da safe ɗaya. Tun ranar ba mai sayen namana. Mutanen da na yi wa yankan suna da na layya kyauta suna ganina suna sauya hanya.

Ina kwance ina jinya Zulai ta tsinto kasetin a cikin tarkace. Ta liƙe zaren inda ya tsinke, ta naɗe shi da biro, sannan ta karanta mini rubutun da na hana ta dubawa. Ashe cewa ka yi in fara da ɗaya gefen, kuma ni kaɗai. Kai ma da naka laifin. Ka san ubanka ba ya karatu, ka san kuma ba ya roƙon a karanta masa.

Na saurari gefen. Na ji yadda aka sauke ka a Kano ba ka san kowa ba, yara suna yi wa Hausarka dariya, ka hau motar kaya ka tsinci kanka a Jos cikin sanyi ba ko bargo. Na ji labarin Mama Saratu mai sayar da abinci a tasha, wadda ta ga kana rawar ɗari ta ba ka ɗakin ɗanta Bulus ba ta tambaye ka addininka ba. Ka ce Bulus ne mai gangunan cocinsu, da shi da wasu samari kuka haɗa ƙungiyar, kuna wannan kiɗa da kuke kira metal. Ka ce dattawan cocin sun kore ku, sun ce hayaniyar Shaiɗan ce. Nan na yi dariya har haƙarƙarin ya murɗa. Ashe can ma akwai masu kunne. Ka ce fastonku ne ya buɗe muku ɗakin ajiya ya ba ku aron janareto, 'yan acaɓa da kanikawa suka zama 'yan kallonku na farko, ita kuma tsohuwar ta ɗauko muku lasifika a ka tun daga tasha, ta zauna a gaba da auduga a kunne tana tafi.

Wannan ya fi dukan 'ya'yan Ishaƙa yi mini ciwo. Ina da rai, ina da tukunya, wata can daban take ciyar da ɗana.

A ƙarshe ka ce, “Baba, ban ce ka so abin da nake yi ba. Kada dai ka tsine mini.”

To ku saurara, kai da su. Kiɗanka ba na son sa, ba kuma zan so shi ba. Hanyar da ka bi ba tawa ba ce, kullum na kai goshina ƙasa sai na roƙi Allah Ya juyo da kai, kuma ba zan daina ba ko ka ji haushi. Amma bakin nan nawa ne. Ni na yi maka huɗuba a kunne, ni na tauna dabino na sa maka a baki. Ishaƙa bai taya ni haihuwarka ba, ba shi zai sa mini ranar yar da kai ba. Ban tsine ba. Ranar Juma'a zan je masallaci da sandata, in yi sallata, in wuce su a ƙofa in dawo gida.

Na san abin da zai biyo baya. Zulai tana gidan mijinta, ba abin da zai taɓa ta. Jiya na je Baƙi'a na yi wa uwarka sallama, na gaya mata kana raye, na gaya mata kana da ƙiba a murya. Sauran ban faɗa mata ba. Ni da na so a binne ni kusa da ita, ga shi a kanka zan bar ta. Ka san wannan, ka riƙe shi.

Ana kawo mana labarin sare-sare a garin naku. Kai ga sunan Musulmi ga waƙar coci, kowane ɓangare zai ga abin sara a jikinka. In ka ji an fara, ka shige ɗaki ka rufe baki, ba lokacin ihunka ba ne. Akwai ƙullin dabino tare da takardar nan. Na Mama Saratu ne, ba naka ba. Ka durƙusa ka ba ta, ka ce mahaucin Madina ya gode.

Malam Nuhu ya ce a Kano ake sauke waɗanda aka koro. Rabona da ita tun ban fara aski da kaina ba, ban san kowa ba, ƙafata kuma ba ta da ƙwari. Ka riƙa tambaya a filin jirgi. In ka zo ɗaukata ka zo da rigar sanyi, ka bar jitar a gida.

Allah Ya tsare mini kai daga wuƙa da wuta da bakin mutane. Allah Ya saka wa wadda ta rufa maka bargo. Allah Ya jiƙan uwarka, Ya shirye ka, Ya sa in ga fuskarka kafin ƙasa ta rufe tawa. Amin.

Ni ne ubanka, har gobe,
Mamman mahauci