Motocin Ranar Addu'a

Withington, Manchester
3 ga Afrilu, 2014

Yaya Kulu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Alhaji da yara da duk mutanen Birmingham. Ya gwiwar taki?

Takarda na rubuto don maigidana Falalu yana jin duk abin da na faɗa a waya. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai sauka daga flat ɗin nan ba, hawa na uku, wata goma sha ɗaya ke nan. Council, wato ƙaramar hukumarmu, ta rage masu zuwa kula da shi, yanzu sau ɗaya a rana. An ce in ba mu sami gidan ƙasa ba kafin ƙarshen shekara, gidan gajiyayyu za a kai mini miji. Yaya, ko barci ba na iyawa.

Abin da ya rage mini shi ne filin nan da mu iyali takwas za mu gina. Kowa da ɗakunansa, kicin da tsakar gida na kowa da kowa, kamar gidanmu na Fagge. In na tafi aiki akwai mai leƙa shi. Mutanen layin dai sun ƙi, wai za mu cika musu titi da motoci. Rebecca, 'yar Jos da ke shugabantarmu, ta rubuta wa council cewa mota huɗu kacal za mu riƙa amfani da su mu duka.

Ran Asabar zan sa a yi addu'a a filin. Don Allah ki zo.

Ki gaida Alhaji.
Ƙanwarki,
Zinatu

Withington
24 ga Afrilu, 2014

Yaya Kulu,

Bayan sallama, ina fata kun koma lafiya. Na gode da zuwa, da masar da kika kawo.

Yaya, na jawo mana. Mutum goma na gaya wa. Ke kika gaya wa ƙawayenki, su ma suka gaya wa nasu, ɗaliban unguwar Fallowfield kuma suka ji akwai abinci. Wa zai kori wanda ya zo addu'a? Wata tsohuwa a layin, Monica, ta ɗauki hoto daga tagarta. Mota talatin da ɗaya, ta Alhaji ta tare mata ƙofa. Hoton yana gaban council yanzu, da sa hannun mutum ɗari biyu masu adawa da ginin. Rebecca ko faɗa ba ta yi mini ba, kallona kawai ta yi. Wallahi gara ta zage ni.

Na je ba Monica haƙuri ina shirin mu yi ta. Ashe ranar motar da ke kai mijinta wankin ƙoda ce ta kasa shigowa layin. Na juyo ina kuka.

Ran Alhamis mai zuwa council za ta yanke hukunci a kan izinin ginin. Na san halinki, kin riga kin fara tara mutane ku zo ku tsaya mini. Don girman Allah kada ki zo, kada kowa ya zo. Bas zan shiga ni kaɗai. Ina jin tsoro ƙwarai, kuma ke nake so a gefena, amma ki zauna gida.

Falalu bai san komai ba. Jiya ya sa na auna faɗin kekensa, wai a gaya wa magina kada su matse ƙofar ɗakinmu. Na auna, na rubuta masa a takarda.

Ki sa mu a addu'a daga can.
Ƙanwarki,
Zinatu