Kwanar Lungun Hajiya Adiza

Alhamis da dare, Aboabo

Yau aka yi jana'izar Baba Seidu mai goro, Allah Ya jiƙansa. Shi aka fara ɗauka a sabuwar makarar da na yi wa masallacinmu.

Tun da aka fito da shi daga gida hankalina yake kan kwanar nan ta lungun Hajiya Adiza. Tsohuwar makara ba ta taɓa wuce wurin ba sai an karkata ta, da mutum a ciki, masu ɗauka ƙafa ɗaya a gota, wato cikin kwata. Abin ya daɗe yana mini ciwo.

Shi ya sa kafin in taɓa zarto na je na auna kwanar da tef, sama da ƙasa, don bangon ya turo ciki a tsakiya. Ladan Isaka ya same ni a tsugune, ya ce, "Kai Mumuni, makara muka ce, ba kabad ɗin amarya ba. Me yatsa biyu zai ƙara maka?" Raina ya ɓaci. Yatsa biyun nan dai na rage daga faɗinta, na kuma datse hannayenta kaɗan.

Yau ta shige a miƙe, ko bango ba ta goga ba. Babu wanda ya lura sai Ladan. A maƙabarta ya matse hannuna.

Na san ba ranar jin daɗi ba ce, Allah Ya yafe mini, amma na ji. Wata rana ta kwanar nan za a bi da ni, kuma ba wanda zai karkata ni.