Jinin Masunta

Zuwa ga Gwaggo Yelwa, Haɗeja

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya ciwon gwiwar? Na ba Gambo direba wannan takarda, don a ƙauyenmu na bayan Guri waya ba ta shiga tun da damina ta sauka.

Na ji saƙonki cewa in bar miki 'yata Adila har ruwa ya janye, tun da kina kusa da asibiti. Gwaggo, ki yi haƙuri. Likita ya ce ciwon nan, talasimiya, ɗan'uwan sikila ne, ba ya warkewa, ƙarin jini za a yi ta yi mata wata-wata. To in haka ne, ba na son ta tashi ba ta san komai ba sai gadon asibiti. Tana son makarantarta, tana son ƙawayenta. In an yi mata ƙarin, har 'yar gala-gala take yi da su.

Damuwar ita ce sun ƙi karɓar jinina da na babanta, wai mu ma namu bai cika ba. Ga shi tafin hannunta ya fara yin fari. Amma akwai abin da nake shiryawa. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Bashira

Zuwa ga Bashira

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, ba ita ce zancen ba.

Taurin kan nan na ubanki ne, ƙanena ne, na san shi. Zuwanku na ƙarshe yarinya aka kwantar, amma ke na fi kallo. Wuyanki duk ƙashi. Na zuba miki tuwo, kina ta juya shi kina leƙen fuskarta har ya huce. Bandar kifin da kike yi an ce kin daina, biki kin daina zuwa. In kika faɗi, wa zai ɗauke ta? Ki turo min ita.

Ki gaida Malam Inuwa.
Gwaggonki

Zuwa ga Gwaggo Yelwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma, ni ne surukinku Inuwa. Ina neman afuwa da na rubuto muku kai tsaye.

Mutanenmu suna tsoron ba da jini, ana cewa sayar da shi ake yi, ko kuma ƙarfin mutum ya tafi ke nan. Ni na yi magana a masallaci, aka ce Allah ya sawwaƙe, aka watse. Ita Bashira bin gidaje ta yi, tana zama da matan masunta tana yi musu bayani. Wasu sun yi mata dariya, washegari ta koma.

Ranar Laraba ta riƙo hannun Adila suka zo bakin ruwa ana sauke kifi. Ta gaida dattijonmu Baba Kolo, ta buɗe masa tafin yarinyar. Ya ce, “Bashira, in na ba da jinina, da me zan ja komar kifi?” Kafin ta amsa, Adila ta ce, “Baba, naka dawowa yake yi. Nawa ne ba ya dawowa.” Sai ya ce shi ya tsufa, amma 'ya'yansa za su je. Da aka ga haka, samari suka yi ta miƙa hannu. Sun raba kansu, kowane wata da masu zuwa. Wanda nasa bai dace da nata ba, asibiti za su ajiye shi, su ba ta madadinsa.

Hanya ta yanke, ciyawar kacala kuma ta toshe mashigi, sai mun zagaya da kwale-kwale kafin mu sami mota. Ranar Litinin muna tafe, a taimaka mana da masauki a zaure.

Sai roƙona na biyu. Jiya jiri ya kwashe Bashira a bakin murhu. Rabon da ta yi barcin kirki tun Adila tana goye. In an gama ƙarin jinin, ni zan koma da yarinya makaranta, ƙanwata Radiyya za ta kula da maganinta. Uwar nake so ku riƙe, ko mako guda ne. Ni ba za ta ji maganata ba.

Allah ya ƙara girma.
Inuwa

Zuwa ga Malam Inuwa

Wa alaikumus salam. Ina fata kun isa lafiya, kai da yarinya da samarin nan, Allah ya yi musu albarka.

Na ce Bashira taurin kai gare ta, na janye rabi. Ni na yi mata wankan jego, ban san macen da na yi renonta ke nan ba.

Da kuka tafi ta yi kuka, sannan ta kwanta, ba ta farka ba sai da hantsi. Ta ci ɗumame har da ƙari. Yau ta kama hanyar tasha, na sa aka dawo min da ita, na ɓoye takalmanta a cikin buhun gero. Ta yi ta dariya har da hawaye.

Kada ka turo kowa sai na ce.
Yelwa