Makyuri Ya Ja Da Baya, Juniper Ta Wuce

Salem, 9 ga Afrilu

Yaya Marlene,

Ke kin san tauraro yana tafiya da baya? Ni ma sai da na zo garin nan na sani. Amma bari in fara gaishe ki. Yaya gida, yaya yara? Yaya idon Kaka Opal? Ki ce mata ina saka safar da ta saƙa mini.

Shagon kayan tsafin da nake aiki lafiya lau. Ina jera kyandir da turare, ina shara. Madam Hesper mai shagon ta ce ba ni da ƙiwa.

Ga labari. Akwai kamfanin Fitila Bakwai a Oregon, masu buga littattafan tsafi da duban kati da maganin ganye. Duk shekara suna fitar da kundi, kowa zai iya aika shafi huɗu kafin ashirin ga wata. Na rubuta abin da Kaka ta koya mana a ƙauyenmu na kan dutse: shuka dankali in wata yana raguwa, da tsayar da haɓo da makulli mai sanyi a ƙeya. Kwana biyar na yi a laburare ina bugawa a kwamfuta da yatsa biyu. So nake ta ga sunanta a littafi tun idonta yana gani.

Zan aika ke nan sai Juniper, mai duba wa baƙi kati a shagonmu, ta ce, "Kai ɗan dutse, lafiyarka? Tauraron Makyuri yana ja da baya za ka aika takarda? A hanya za ta ɓace!" Nan kowa ya san in tauraron nan ya juya, sati uku ba a aika saƙo, ba a sa hannu a komai. Sai ashirin da biyar zai miƙe. Na ce ai kamfanin da ke buga kalandar taurari sun fi ni sani, za su jira.

Ƙanenki,
Orrin

12 ga Mayu

Yaya Marlene,

Ina gaisuwa. Da fatan tarin ƙaramin ya yi sauƙi.

Ba su jira ba. Na aika ran ashirin da biyar, washegari wata mata ta amsa da layi biyu. Wai sun rufe tun ashirin, wai mai injin buga littafi ba ya duban sama.

Kin san na wa suka ɗauka? Na Juniper. Ran sha biyar ta aika, tsakiyar ja da bayan! Madam Hesper har kek ta sayo, aka yi ta tafi. Na ce haƙorina yana ciwo, ban ci ba.

Na same ta a bayan shago na ce, "Ke ba ke kika hana ni ba?" Ta yi dariya ta ce, "Haba ɗan dutse! Ni ma ai na ji tsoro. Kyandir na kunna, na rufe ido na danna. Kowa haka yake yi. Ka taɓa ganin wanda ya ƙi biki saboda tauraro?" Na ce ni ban san ana yin haka ba. Ta ce, "To yanzu ka sani."

Yaya, rubutun nata a kan kyanwarta ne. Wai yadda kyanwa ke zaɓar kati da ƙafa. Kaka ta yi shekara sittin tana warkar da mutane, kyanwa ta riga ta shiga littafi.

Ba na son abin da nake ji. Hassada ce, in Juniper ta yi dariya sai in bar wajen. Ta yi jami'a, ni ko sakandare ban gama ba, tana bugawa da yatsu goma ba ta ma kallo. Ashe asalin sunanta ma Brenda ne, jiya na kira ta da shi a gaban baƙi. Na kuma tura kofin shayinta can saman kanta inda hannunta ba ya kaiwa. Kar ki gaya wa Kaka.

Naki,
Orrin

30 ga Mayu

Yaya Marlene,

Na ga wasiƙarki, ina gaida kowa. Sau uku na karanta inda likita ya ce idon hagu ya tafi, na dama da wuya ya kai lokacin sanyi. Kundin Oregon sai baɗi, ba zai yi mana ba.

Akwai wata ƙaramar mujalla a Vermont, a watan Agusta suke fitowa, yau ƙarfe biyar suke rufe karɓa. Juniper ce ta gaya mini, wataƙila kunya ta ji. Ta ce, "Kawo in gyara maka, kar su zaci kaza ce ta taka takarda." Na so in ƙi. Na tuna idon Kaka, na miƙa mata.

Kuskure arba'in da ɗaya ta fitar da jan biro, tana yi tana tsaki. Da ta kai wajen da Kaka ta tsayar wa ɗan Mista Pruitt haɓo a bakin coci, sai ta ajiye biron. Ta sake karantawa. Ta ce, "A ina ka samo wannan?" Na ce a ɗakin girkinmu. Ta miƙo mini takardun ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ba laifi." Amma na ga fuskarta, Yaya. Na san wannan kallon. Shi nake yi mata tun ranar kek. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Na sauko mata da kofinta.

Madam Hesper ta ce in dakata, wata yana raguwa, ba a fara sabon abu. Na ce mata a gidanmu yanzu ne ake binne dankali, kuma yana fitowa.

Ki wanke wa Kaka tabaraunta, ki zaunar da ita kusa da taga. Ƙarfe huɗu saura kwata, kuma gyara arba'in da ɗaya da yatsa biyu ba wasa ba ne. Dole in tafi yanzu.

Ƙanenki,
Orrin