Fuskar Inno

Kurfi, Afrilu 1965

Yaya Rahamatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗalibanki. Jikin Inno sai a hankali, kullum ƙara ramewa take yi. Kin san ba ta taɓa yarda mai hoto ya ɗauke ta ba, don haka na ƙudurta in zana ta da hannuna tun tana raye. Ga gwajin da na yi nan na aiko. Ke kika karanci zane a Zariya, ki faɗa mini gaskiya.

Ƙanwarki, Adama

Dutsin-Ma, Afrilu

Adama,

Ina amsawa, ki gaishe mini da Goggo Inno. Ƙwaryar nonon ta fito, turmin ma na gane shi. Matar da ke tsakaninsu ce ban sani ba. Kin yi mata kafaɗu har huɗu, wataƙila don ta zaɓa. Layinki guntu-guntu ne, sai ka ce kaza ta yi tono. Daina shaƙe fensir, ba gudu zai yi ba. Ki ja layi da dukan hannu tun daga kafaɗa, kada ki ɗaga sai ya ƙare. Idonki kuma ya zauna kan mutum, takarda ba ta zuwa ko'ina.

Ki huta lafiya, Rahamatu

Kurfi, Mayu

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Na bi maganarki. Na zana Baffa Jibo yana alwala, na zana Kande tana daka, layi ɗaya daga ƙeya har diddige. Inno ce ta gagare ni. Kin manta ni 'yar fari ce? Ba ta kiran sunana, ba ma haɗa ido. Sai dai in saci kallo in sunkuyar da kai, nan layin ke tsinkewa. Ƙafafun uwata na sani, Yaya, ban san fuskarta ba. Amma ban haƙura ba.

Adama

Dutsin-Ma, Mayu

Adama,

Sannu da jinya. Na manta kam. Turawan da suka koyar da mu, da alama babu ɗan fari a cikinsu. Ba zan ce ki keta kunya ba. Ki dai riƙa zama kusa da ita da fensirinki kullum, har ta gane ba za ki tashi ba. Goggo tana gani, magana ce ba ta yi.

Allah ya ba ta lafiya, Rahamatu

Kurfi, Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Jiya da hantsi Inno ta dubi bango ta ce, "Ni barci zan yi. Mai aiki ta yi aikinta." Sai ta juyo da fuska wajen ƙofa, inda haske yake, ta rufe ido. Fatar idon sai rawa take yi. Na kalle ta har na ƙoshi. Ashe tana da ɗan tabo a ƙarƙashin haɓa.

Hannuna bai tsaya ba sai da ya gama. Wannan ba zan aiko ba, ki zo ki gani.

Ƙanwarki, Adama