Muƙamuƙin Ajara

Litinin, 7 ga Maris, 1983
Asmawu ta dame ni, wai in duba bakin 'yarmu Ajara. Na duba. Ɗan kumburi ne a muƙamuƙin ƙasa, ta hagu, bai kai goro ba. Yarinyar ko ciwo ba ta ce yana yi ba, shekara huɗu, wasanta take. Mataccen jini ne, ƙaho biyu ya ishe shi. Mata dai! Tamale duk yunwa, ana layin masara tun asuba, ita kuwa kunci take latsawa.

Alhamis, 24 ga Maris
Ƙaho sau uku. Bai sauka ba. Taurin kai irin na dangin uwarta.

Asabar, 16 ga Afrilu
Sualihu, wan Asmawu, wanda ke shara a asibiti, ya zo da iyayinsa. Wai in kai ta dokta ya ɗauki hoton ƙashin tun abin yana ƙarami. Ni Ɗankande, wanzami ɗan wanzami! Rabin mazan unguwar Nyohini askar gidanmu ce ta yi musu kaciya. A ga 'yata a layin asibiti, gobe wa zai miƙo mini jaririnsa in cire belu? Na ce masa mai tsintsiya ba ya koya mini jikin mutum. Ya tashi ko ruwa bai sha ba. Allah raka taki gona.

Laraba, 11 ga Mayu
Kumburin ya kai ƙwan kaza, da tauri. Haƙora biyu sun karkace. Yau a wurin askin suna wata tsohuwa ta ce, "Wanzam, me ya sami 'yarka?" a gaban mutane. Kunya kamar in nutse. Na kafa doka: in masu aski suna ƙofar gida, a rufe ta a ɗaki.
Tuwo ma sai ta yi awa guda tana juya loma ɗaya, miyau na zuba. Na ɗauke kwanon na cinye. Bana ba shekarar wasa da abinci ba ce.

Juma'a, 3 ga Yuni
Na yi mata sakiya bayan an sauko daga masallaci. Na sa ƙarfe a gawayi har ya yi ja. Asmawu ta ƙi riƙe ta, sai na matse ta da gwiwoyina. Na soka, ina jiran mugunya ta tsarto. Ba mugunya. Jini kaɗan da ƙauri, ƙarfen ya tsaya a kan abu kamar dutse. Na ce ban kai ba ne, na sake zafafawa na ƙara. Ihunta har maƙwabta suka leƙo ta katanga.
Asmawu ta ce, "Kai ba uba ba ne, mahauci ne." Na ba ta amsa da hannu. Babana ya yi wa mutum ɗari haka, duk suna nan suna tauna ƙashi.

Lahadi, 12 ga Yuni
Wurin ya ruɓe. Zazzaɓi, ƙudaje. Ɗakin wari. Laifin uwar ne, ba ta sa maganin yadda na ce.

Talata, 14 ga Yuni
Na dawo daga kaciya a Kukuo na tarar da gida wayam. An ce Asmawu da Sualihu sun hau lori zuwa asibitin Kumase, yarinyar a goye. Ba sallama, ba izini. To ta zauna can. Wallahi ko aike ba zan yi ba.

Asabar, 6 ga Agusta
Sualihu ya zo, ya ƙi zama. A tsaye ya faɗa, kamar mai karanta hukunci. Wai ba ciwon daji ba ne. Ƙari ne cikin ƙashi, irin wanda ba safai ake gani a yara ba, ba ya yaɗuwa, ba ya kisa. Da an kawo ta yana kamar goro, kankarewa za a yi a ɗinke, shi ke nan. Amma ya girma, ƙunar ta ruɓar da ƙashin, dole suka yanke rabin muƙamuƙin.
"Sun dawo, suna unguwar Gurugu, wurin Mma," in ji shi, wato uwarsu. "Ba kiranka na zo yi ba."
Dokta ai dole ya sami wanda zai ɗora wa. Tana da rai, me kuma ake so?

Litinin, 15 ga Agusta
Na bi ta Gurugu. Hanya ce ta kai ni. Mma ta amsa gaisuwata daƙyar, Asmawu ba ta fito ba.
Ajara na kan tabarma ana ba ta koko da cokali, rabi na dawowa ta gefen baki. Haɓar ta koma gefe, kuncin ya lotsa. Na tsuguna na ce, "Ajara, Baba ne." Na ɗauka gudu za ta yi. Ba ta gudu ba. Ta kwanta a hankali, ta sa hannuwanta ƙarƙashin cinya, ta runtse ido, ta juyo mini da kuncin da ya rage mai lafiya. Tana jira.
Ban san yadda na iso gida ba. Mutum biyu sun zo da yara, na ce su tafi, aska ba kaifi. Ban wasa ta ba.